Gani Bai Kori Ji Ba: Likitan da Ke Karanta Huhu a Bakin Gado

Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka shigo da ita ɗakin taimakon gaggawa, mahaifiyarta na riƙe da hannunta ɗaya, mijinta na riƙe da ɗayan. Mai jego ce, kwananta ashirin da huɗu da haihuwa. Nas ta nuna mata gado ta ce ta kwanta, ta girgiza kai, ta zauna a bakin gadon ta dafe gwiwoyinta, kafaɗunta na hawa da sauka. Ni kuwa ina gadon kusa ina jinyar ƙanena, saboda haka komai a kan idona aka yi.

"Likita, sanyi ne ya kama ta," in ji mahaifiyar. "Limoniya ce, haka aka ce mana a kemis. Yau kwana biyar tana shan magani, ba sauƙi sai na Allah."

Likitar da ke aikin dare matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ce, "Sannu Mama, Allah Ya ba ta lafiya. Bari in ɗan tambaye ku." Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar mai jegon. Akwai zazzaɓi? Babu. Kakin da take fitarwa wane iri ne? Fari, mai kumfa. Da filo nawa take barci? Nan uwar ta yi tsam, ta ce ai kwana uku ke nan a zaune take kwana, in ta kwanta sai ta zabura kamar an shaƙe ta. Likitar ta danna ƙaurin yarinyar da babban yatsa, ta ɗauke, rami ya zauna bai ciko ba. Ta dubi jijiyoyin wuyanta, sun cika sun yi ruɗu-ruɗu. Ta sa abin sauraren ƙirji a bayanta, dama da hagu, ta yi shiru tana ji.

Sai bayan duk wannan ta zaro wani abu daga aljihun rigarta, girmansa bai wuce na tocila ba, ta jona shi da wayarta, ta shafa masa wancan man mai sanyi da matanmu suka sani a ɗakin awon ciki, ta ɗora shi tsakanin haƙarƙarin yarinyar. Na leƙa. A fuskar wayar na ga wasu fararen layuka suna saukowa daga sama har ƙasa, suna kai-komo da numfashinta, kamar hasken rana idan ya ratso ta hudojin rufin kwano cikin ɗaki mai ƙura. Ta matsa ƙasa, suna nan. Ta koma hagu, suna nan. Ta kai na'urar ƙarƙashin mama ta duba zuciya: ta buɗe ta yi girma, tana matsawa da ƙyar.

"Mama, ba sanyi ba ne," ta ce. "Ruwa ne ya cika mata huhu, saboda zuciyarta ta gaji."

Mijin ya roƙa a sa mata ƙarin ruwa ko za ta ji ƙarfi, kamar yadda yawancinmu muke roƙo. Likitar ta ce, "Malam, ruwan ne ya yi mata yawa. In na ƙara mata, na cuce ta." Aka jingina ta da filo, aka sa mata iskar oksijin, aka yi mata allurar da ke sa fitsari. Kafin kiran assalatu ta cika roba biyu, ta kuma iya haɗa magana guda ba tare da ta tsaya haki ba. Abin da ta fara tambaya shi ne ko jaririn ya sha.

Na daɗe ina tunanin wannan daren. Mutanen da ke wurin na'urar suka yi ta yabo, kuma ta cancanci yabo. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitar ta jera aikinta. Kafin ta taɓa na'urar, ta riga ta san abin da take zargi, ta kuma san abin da zai ƙaryata zarginta. Da limoniya ce, da ta fi sa ran zazzaɓi, da kaki mai launi, da ciwo a gefe guda, da alama a ɓangare ɗaya na huhu. Da ta ɗora na'urar ta ga haka, da ta sauya ra'ayi nan take. Tambaya ta yi wa na'urar, tambaya mai amsar e ko a'a, na'urar ta amsa. Wannan shi ne gwanintar da nake son in bayyana wa mai karatu.

Huhu yana cikin kejin ƙashi, ba a ganinsa, ba a taɓa shi. Tarihin likitancin ƙirji kusan duka tarihin dabarun leƙen wannan keji ne. A 1761 wani likitan Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya wallafa dabarar ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa: inda iska take sai ya yi amo, inda ruwa yake sai ya yi dum. Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa tanki don ya san inda ruwa ya tsaya, ko kankana don ya san ta nuna, ya san wannan ilimi. A 1816, a birnin Faris, René Laennec ya naɗe takarda ya ɗora a ƙirjin wata mara lafiya ya kara kunnensa, daga nan aka samu abin sauraren ƙirji da ke rataye a wuyan kowane likita yau. A 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Kowace dabara ta zo ta samu ta gabanta, ta zauna kusa da ita.

Sikanin kuwa, wato ɗaukar hoto da sautin da kunne ba ya ji, ya daɗe yana aiki a cikin mata masu juna biyu, da hanta, da ƙoda, da zuciya. Amma huhu aka ce ba huruminsa ba ne, kuma dalilin da aka bayar mai ƙarfi ne. Na'urar tana aika sauti cikin jiki ta saurari dawowarsa. Sauti yana ratsa ruwa da tsoka lafiya lau, amma in ya ci karo da iska kusan dukkansa yake dawowa. Huhu kuwa jakar iska ce. Abin da ke fitowa a allo sai inuwoyi da layukan da injiniyoyi suke ɗauka a matsayin kuskuren na'ura. Manyan littattafan koyar da likitanci sun shekara da shekaru suna cewa kada a ɓata lokaci.

Wani likita Bafaranshe mai kula da marasa lafiyar da ke tsakanin rai da mutuwa, Daniel Lichtenstein, na asibitin Ambroise-Paré a gefen Faris, shi ne ya ƙi yarda. Ya lura cewa waɗannan layukan da ake kira kuskure ba sa fitowa da ka. Mai lafiyayyen huhu irin nasa daban, mai ruwa a huhu irin nasa daban, kuma kullum haka suke fitowa. Ashe harshe ne, sai dai ba a koyi karanta shi ba. A 1995 ya wallafa bayanin zamewar tantanin huhu, a 1997 ya wallafa na fararen layukan nan da na gani a wayar likita. Ni a ganina wannan yana daga cikin mafi kyawun abin da lura ta taɓa haifarwa a likitancin zamani: mutum ya tsinci ilimi a cikin abin da kowa ke sharewa.

Ga yadda karatun yake. Likita yana ɗora kan na'urar a tsaye, ya haɗa haƙarƙari biyu. Kowane ƙashi yana jefa baƙar inuwa ƙasa, tsakaninsu kuma, kimanin rabin santimita a ƙasa, akwai wani farin layi a kwance. Siffar gaba ɗaya kamar jemage ya buɗe fukafukai, haka ma likitoci suke kiranta. Wannan farin layin shi ne tantanin huhu, kuma daga shi komai yake farawa. Tantanin biyu ne, ɗaya manne da huhu, ɗaya manne da bangon ƙirji, suna zamewa a kan juna da kowane numfashi. A allo sai ka ga layin yana ɗan walƙiya yana motsi kamar jerin kiyashi. Ganin wannan motsi kaɗai ya isa likita ya ce a wannan wurin huhu yana manne da bango, iska ba ta shiga tsakani ba.

A ƙarƙashin layin, in huhu cike yake da iska, sai a ga wasu layuka a kwance, suna maimaita juna da tazara iri ɗaya. Amsa-kuwwa ce kawai, sauti ne ke kai-komo tsakanin na'ura da tantani kamar muryar mutum a cikin rijiya. Ana kiransu layukan A. In kuwa ruwa ya fara ratsa sassan huhu ya gauraya da iska, sai layuka su miƙe tsaye, farare, daga tantani har ƙarshen allo, su shafe na kwancen. Su ne layukan B. Ɗaya ko biyu a ƙasan huhu ba abin damuwa ba ne. Uku ko fiye tsakanin haƙarƙari biyu, a wurare da yawa, dama da hagu, shi ne abin da aka gani a ƙirjin mai jegon nan.

Wanda ya taɓa feɗe rago ranar Sallah zai fahimci alama ta gaba da sauri. Huhu sakayau yake, mai taushi kamar soso; hanta kuwa a cure take, mai nauyi. Idan limoniya ta kama wani ɓangare, mugunya da ruwa sukan kori iskar da ke ciki, ɓangaren ya cure. Daga nan sauti ya samu hanyar shiga, sai a ga huhun a allo tamkar hanta, da ɗige-ɗigen fari a ciki masu motsi da numfashi, wato ragowar iska a ƙananan hanyoyin numfashi. In kuma ruwa ya taru a wajen huhu, tsakanin tantanin nan biyu, sai ya fito baƙi wuluk, ƙarshen huhu yana lilo a cikinsa kamar tsumma a kwano. A nan sikanin ya yi wa hoton ƙirji fintinkau: hoton da aka ɗauka ta gaba sai ruwa ya kai wajen mililita 200 yake nuna shi, sikanin kuwa yana iya ganin abin da bai kai cokali biyu ba.

Ba da baki kawai aka faɗa ba, an auna. A 2004 Lichtenstein da abokan aikinsa suka gwada hanyoyi uku a kan marasa lafiya 32 masu matsanancin ciwon huhu, suka kwatanta su da babban hoton CT. Wajen gano ruwa a gefen huhu, sauraren ƙirji ya dace kashi 61 cikin ɗari, hoton ƙirji na kan gado kashi 47, sikanin kashi 93. Wajen gano curewar huhu, sauraro kashi 36, hoto kashi 75, sikanin kashi 97. A 2008 kuma, shi da Gilbert Mezière suka wallafa tsarin da suka sa wa suna BLUE: wurare uku a kowane gefen ƙirji, da duba jijiyoyin ƙafa in da buƙata, duka cikin kimanin minti uku. A cikin mutane 260 da aka kawo numfashinsu ya sarƙe, tsarin ya gano ainihin cutar a kashi 90.5 cikin ɗari. Zuwa 2012 masana daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Giovanni Volpicelli na Italiya, sun haɗu sun fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya. Da korona ta ɓarke a 2020, asibitocin Italiya da dama da wannan na'ura suka riƙa tantance masu shigowa tun daga bakin ƙofa.

Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce shi ke nan, gani ya kori ji. A nan ne nake rabuwa da masu wannan magana, domin allon ba ya faɗin sunan cuta. Layukan B suna cewa ne kawai huhu ya yi nauyi. Zuciya ce ta gaza? Ƙoda ce ta daina tace ruwa? Ƙwayar cuta ce irin ta korona? Ko tabo ne da ya daɗe, irin na mai fasa dutse ko mai haƙar ma'adinai da ya shekara yana shaƙar ƙura? Duk suna iya ba da fararen layuka. Likita ne zai duba ko tantanin sumul yake ko ya yi kaushi, ko layukan sun bazu daidai ko sun bar wasu wurare, sannan ya haɗa da labarin da ya ji. A wurin mai jego mai kumburin ƙafa da ba ta iya kwanciya, ma'anarsu ɗaya. A wurin dattijon da ya yi shekara biyu yana busasshen tari, ma'anarsu wata ce.

Wani abin ma ya fi wannan ban sha'awa. A kawo mutum yana haki kamar ransa zai fita, a ɗora na'ura, a ga komai lafiya: tantani na zamewa, layukan A a kwance. Wanda bai ƙware ba zai ce na'ura ba ta nuna komai ba. Gwani kuwa ya san ta faɗa masa abu babba. Ta kore ruwa, ta kore iska a gefen huhu, ta rage yiwuwar limoniya. Saura me? Asma, wadda hunturu da ƙurarsa suke tayarwa a ƙasarmu kowace shekara, kuma ita kunne ne ke kama ta, da wannan kukan ƙirji mai kama da usur. Ko kuma gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Sai likita ya sauko da na'urar zuwa cinya da bayan gwiwa ya danna jijiya: lafiyayya takan lotse ta rufe, mai gudan jini ba ta rufewa. Ka ga an gano cutar ƙirji a ƙafa, kuma tunani ne ya kai hannu can.

Haka batun ɗan acaɓan da aka kwaso daga hatsari, haƙarƙari ya karye, numfashi na ƙara tsananta. Likita na zargin huhu ya huje, iska ta taru a gefensa tana matse shi. Ya ɗora na'ura a saman ƙirji, ya ga jerin kiyashin nan ya tsaya cak. Zargi ya yi ƙarfi. Amma gwani ba ya gaggawar soka allura saboda wannan kaɗai, in dai mara lafiyar na da sauran lokaci, domin wanda ya taɓa yin tarin fuka tantaninsa na iya mannewa, shi ma ba zai zame ba. Sai ya bi gefen ƙirji a hankali yana neman iyaka, wurin da motsin ke bayyana ya ɓace da kowane numfashi. In ya same ta, magana ta ƙare. In kuwa jini ya faɗi, mutum na shirin tafiya, ba ya tsayawa neman iyaka, allura yake sokawa. Sanin lokacin bincike da lokacin aiki, wannan ba a sayar da shi tare da na'ura.

Tun a 1975 wani likitan Ingila, John Hampton, da abokan aikinsa suka bi diddigin sababbin marasa lafiya 80. A cikin 66, cutar da aka tabbatar daga ƙarshe ita ce wadda likita ya riga ya zarga tun daga takardar turowa da labarin da mara lafiya ya bayar, kafin gwaji ko ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin likita shi ne ya iya tambayar da za ta fito da wannan sani, sannan ya san ƙasar da yake aiki a cikinta. Likitar da na gani ta san cewa ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a arewacin Najeriya fiye da kusan ko'ina a duniya. Tun shekarun 1970 wasu likitoci, Davidson da Parry, suka rubuta a kansa daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga cikin matan. Likitan da ya san wannan, da ya ji "mai jego" da "haki" zuciya ce za ta fara faɗo masa a rai.

Haka ma tarin fuka. Saurayi ya rame, yana gumin dare, gefen ƙirjinsa ya yi dum in an ƙwanƙwasa. Na'ura ta nuna ruwa, har da zare-zare a cikinsa kamar yanar gizo. Ta nuna wa likita daidai inda zai soka allura ya ɗebo ruwan ba tare da ya taɓa hanta ko saifa ba, wanda babban rangwame ne. A Afirka ta Kudu ma likitoci sun tsara wata hanya mai suna FASH don masu ƙanjamau da ake zargin suna da tarin fuka, inda ake duba ruwa a gefen zuciya da huhu, da kaluluwar ciki, da saifa. Amma ramin da tarin fuka ke ƙwaƙulewa can cikin saman huhu, sikanin ba ya kai wa gare shi, domin duk abin da iska ta lulluɓe ɓoyayye ne a wurinsa. Dole a kai kaki gwajin GeneXpert, dole a ɗauki hoton ƙirji. Gwani yana faɗin iyakar kayan aikinsa ba tare da jin nauyi ba.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne wajen yara. Ƙididdigar UNICEF ta nuna limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. A yawancin ƙananan asibitocinmu da ƙirga numfashi ake gano ta: 50 ko fiye a minti ga ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, da kallon ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki. Dabara ce da ta ceci rayuka masu yawa, amma zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma suna sa yaro saurin numfashi. Ƙirjin yaro siriri ne, sauti na shiga da sauƙi, ba kuma hasken da zai cutar da shi. Yana kan cinyar uwarsa yana shan mama za a duba shi a gama. Ba sai an tura mahaifi wani gari neman hoton ƙirji ba, ba sai an jira a kawo wuta ba, tunda ƙananan na'urorin da batir suke aiki.

Abin da ya kamata shugabannin asibitocinmu su sani shi ne ba sai an jira sabuwar na'ura mai tsada ba. Wadda ake awon ciki da ita, mai lanƙwasasshen kai, tana duba huhu sarai. A wurare da yawa tana nan a ɗakin awo, a kulle tun la'asar, alhali masu sarƙewar numfashi da tsakar dare aka fi kawo su. Ina roƙon makarantun koyar da likitanci na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai su sa wannan karatu cikin horon kowane ɗalibi, a gefen gado, ƙarƙashin idon malami, tare da ƙwanƙwasawa da sauraro, domin na'ura a hannun wanda bai samu horo ba tana iya sa a yi wa mutum maganin cutar da ba ta same shi ba. Ina kuma roƙon masu riƙe da asibitoci su horar da likitan dare, sannan su ba shi makullin ɗakin sikanin.